Kunnen Malam Idi

Duk wadda ta shigo shagonmu tana son koyon hoto, maganarta ɗaya ce: ai Anti Rabi, ko da waya muna yi. Gaskiya ne, kuna yi. Ni ma haka na ɗauka lokacin da na bar lise, wato babbar sakandare, bayan shekara ɗaya, babana ya kawo ni wurin Baba Ila mai hoto, nan bayan tashar Magariya. Na zaci latsawa ce kawai. Shekarata shida ke nan a shagon, kuma na rubuta wannan ne don ku, ƙannena, tun da in na buɗe baki zan faɗa muku sai murya ta ƙi fita daidai.

Wata uku na farko Baba Ila bai bar ni na taɓa apare ba, wato na'urar ɗaukar hoton. Farin yadin da ake rataye wa bayan mutum shi ya damƙa mini. In wanke, in goge, in rataye shi ba lanƙwasa ko ɗaya, domin lanƙwasar da ido bai gani ba fitila tana ganinta. Daga nan sai almakashi. Hoton katin dantite, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ƙarami ne, amma in kika yanka shi ya karkace ko da faɗin tsinke, ma'aikacin da zai manna shi zai dawo miki da mutum, mutumin kuwa wataƙila daga Sassumbrum ya taso tun da asuba. Akwai fitilu biyu, kujera mai juyawa, ordinater, wato kwamfuta, da injin da ke fitar da hoton, wanda har yau muke ce wa wanki ko da yake ba ɗigon ruwa a cikinsa. Akwai kuma wata baƙar kwat da karabat ɗin ɗaura wa wuya a jikin ƙusa. Rabin malaman lakkol, wato makarantar boko, na wannan yanki da ita aka ɗauke su hoton shiga aikin gwamnati, mai ƙiba da siriri, ana kama bayanta da abin shanya.

Dokar hoton kati ba ta da yawa. Ba hula, ba murmushi, ido a kan apare, in namiji ne kunnuwansa biyu a waje. Abin da ke da wuya shi ne gyara, bayan hoton ya shiga ordinater. Kowa yana son a gyara shi. Amarya tana son haske, ɗalibi mai shirin jarrabawar burebe yana son a kwashe masa ƙuraje, wani alhaji ya taɓa roƙona in mayar masa da gashin da ya rabu da shi tun kafin a haife ni. Baba Ila ya gindaya mini iyaka tun ranar farko.

"Abin da zai tafi da kansa cikin sati, ki taya shi tafiya," in ji shi. "Abin da za a binne mutum da shi, tsage ne, tabo ne, tawadar Allah ce, wannan ba naki ba ne."

Sau ɗaya na karya masa doka ina ɗaliba. Wani yaro inuwa ta cinye masa kunnen hagu, ni kuma na ji ƙyuyar sake ɗauka, sai na kwafo kunnen dama na juya shi na manna a hagu. Aikin minti biyu ne, kuma ga idona ya yi kyau. Baba Ila ya ɗaga hoton, ya duba, ya yaga.

"Aikin malalata ke nan. Allah bai yi wa kowa kunne biyu iri ɗaya ba. Kira shi ya dawo."

Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wata ranar kasuwa wani mutum ya shigo da malafa da sanda, yana warin shanu da rana. Malam Idi ke nan, daga wani ƙauye can gefen Sassumbrum, yana noma yana kiwo. Shingayen bincike sun yi yawa a hanya, shi ya sa ya zo yin kati yana ɗan shekara arba'in da wani abu. Shi Bafillace ne, Baba Ila kuwa Babarbare, don haka tun daga ƙofa wasa ya tashi.

"Ga bawana ya zo gaishe ni," in ji Baba Ila. "Ina nonon da ka kawo wa ubangidanka?"

"Nono ba na bayi ba ne. Tashi ka ba ni kujera, na ji an ce kana kama fuskar mutane kana sayarwa."

"Taka ko kyauta ba mai saye. Rabi, cire masa wannan faifan da ke kansa."

Da ƙyar ya yarda ya tuɓe malafar. Da na zo gyara sai na ga wata tawadar Allah a leɓen kunnensa na dama, baƙa, kamar ƙwayar wake. Don tsokana na tambaye shi ko in share ta.

"Kul, 'yar hoto," ya ce. "Da ita uwata ke gane ni cikin shanu."

Daga ranar in ya shigo gari yakan leƙo, ya zagi Baba Ila, ya ce mini 'yar hoto, ya wuce.

Sai shekarar wahala ta zo, ba sai na tuna muku ba. Mulki ya canja hannu, iyaka ta rufe, kuran, wato wutar lantarki, ta yanke. Takardar hoto da tawadar injin daga Kano suke zuwa mana, suka koma sai ɗan kabu-kabu ya ratso da su ta daji a kan babur, wata tawadar ma jabu, ta mayar da baƙin mutum kore. Dole kafin kowane wanki sai mun fitar da gwaji guda mu duba launi. Gwajin nan ba ma zubarwa. Cikin wani gwangwanin biskit muke jefa shi, mu riƙa rubuta sunan mai hoto da ranar karɓa a bayansa, tun da takarda ta yi tsada. Babban cinikinmu na da, hotunan 'yan takara da na masu neman katin zaɓe, ya tsaya cak, domin ba zaɓen. Baba Ila ya koma ɗaukar ƙaramin apare yana bin kasuwanni, ni ina tsaron shago.

Yaƙin da ake faɗa a rediyo yana nesa da mu, amma dokarsa ta iso. Aka turo wasu masu kaki daga wani wuri, ba 'yan garin nan ba, suka sauka a wani tsohon siton gyaɗa da ke bayan gari. Sunansu da na rundunarsu ba zan rubuta ba. Aka ce suna neman masu kai wa 'yan bindiga mai da abinci. Baba Ila yakan ce a da in an kama mutum, kwana biyu sai an kai shi gaban alƙali ko a sake shi, yanzu kuwa takarda ɗaya daga sama ta isa, kuma ba majalisar da za ta tambayi mai takardar. A hankali yake faɗa, yana goge gilashin apare, idonsa a kan ƙofa.

Ranar kasuwar Dungas ce, Baba Ila ya tafi can. Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar shago. Shugabansu ya shigo, shef suke ce masa, mutum biyu na biye da shi riƙe da wani ta hammata. Shef ya ce hoto huɗu yake so na dosiye, wato fayil ɗin mutumin, za a aika sama, yanzu-yanzu.

Suka zaunar da mutumin a kujera. Ban gane shi ba. Idon hagu a rufe yake don kumburi, leɓe a fashe, kunnen hagu ya yage daga sama ya kumbura, jini ya bushe har wuya. A wuyan hannuwansa akwai shatar igiya ta shiga nama. Kansa yana ta rinjaya gefe guda. Bakina ne ya yi aikinsa na kullum ba da shawarata ba.

"Baba, ɗago haɓa kaɗan."

Ya ɗago. Ya dube ni da ido ɗayan.

"'Yar hoto, ke ce?"

Sai na ga ƙwayar waken a kunnen dama.

"Kin san shi?" in ji shef.

"Kowa yana zuwa nan," na ce.

"Daga babur ya faɗo. Ɗauki, ki goge dattin nan duka. Dosiye ba ya tafiya da datti."

Na ɗauka. Sau uku na latsa kafin ɗaya ya fito ba rawa. Na zuba ruwa a kofi na miƙa wa Malam Idi, yatsunsa suka kasa rufewa a kan kofin, ɗaya daga cikin masu riƙe da shi ya karɓa ya ajiye a ƙasa. Na zauna gaban ordinater, shef ya tsaya a bayana, ina jin numfashinsa a kan mayafina. Na sauke kumburin idon, na buɗe shi, na ɗinke leɓen, na wanke wuyan. Duk abin da Baba Ila ya koya mini don amare da 'yan burebe, a kan wannan fuskar na zuba shi. Da na zo kunnen hagu sai na tsaya, domin babu abin da ya rage da za a gyara. Shef ya ƙwanƙwasa tebur da makullin mota.

"Ba mu da yini a nan."

Na kwafo kunnen dama, na juya, na manna. Na fitar da gwaji, na ga launi ya yi, hannuna ya jefa shi cikin gwangwani kamar kullum. Na wanke huɗu, na yanka, na sa a ambulan. Shef ya sa na goge hotunan ranar duka yana kallo, na cikin apare da na cikin ordinater, har kwandon shara na ordinater ya sa na zazzage. Ya san aikin.

"Yau ba ki ga kowa ba," ya ce daga bakin ƙofa. "Na san gidanku, kusa da famfo."

Da suka tafi na sauke farin yadin, akwai tabo inda ƙeyarsa ta jingina. Na wanke, na goge, na mayar. Da Baba Ila ya dawo ya tambayi ciniki, na ce ba laifi. Kusan sati uku ban gaya wa kowa ba, ko innata. Abin da ya nuna kawai shi ne yanka. Hotuna suka riƙa fitowa a karkace daga almakashina, har Baba Ila ya ce ko zan je a duba mini ido.

Wata safiya wata tsohuwa ta shigo, ƙafafunta fari fat da ƙasa, ta ce ita ce Inna Kulu, uwar Idi. Ta ce ranar da ya ɓace ya sayo jarka biyu ta mai ne don injin ban ruwa na lambunsa, aka tare shi kusa da iyaka. Tun daga ranar ba ƙofar da ba ta ƙwanƙwasa ba, kowa ya ce bai san da shi ba. Katinsa yana jikinsa, a gida ba su da hotonsa ko ɗaya, an ce mata masu hoto suna ajiye na da. Tana son wanda za ta riƙa nunawa.

Baba Ila bai yi wasan Barebari ba ranar. Ya nemo tsohon hoton katin a ordinater, ya wanke mata babba. Ya sa hannu a gwangwanin biskit don ya sami abin da zai rubuta mata lambar wayarsa, ya zaro takarda, ya juya ta. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce wa Inna ta ɗan zauna a benci a waje ta sha iska, ya turo ƙofa, ya jera hotunan biyu a kan tebur.

"Rabi, tun yaushe Idi ya yi tawada biyu?"

Na duba. A tsohon hoton ƙwayar wake ɗaya ce, a dama. A gwajin kuwa ga ta a dama, ga ta a hagu, girma ɗaya, wuri ɗaya. A cikin sauri da tsoro na kwafo kunnen da tawadarsa, ban gani ba, shef ma bai gani ba.

Na faɗa masa komai ina tsaye, riƙe da gefen tebur. Bai yi mini faɗan shirun da na yi ba.

"Na hana ki wannan aikin malalatan," ya ce. Ya cire tabarau ya murza ido. "To, rashin jin maganarki ya yi rana. Huɗun da suka tafi da su haka suke?"

"Haka suke, Baba."

"Ke nan shaidar tana cikin dosiyensu, su da kansu suka manna ta, suka buga mata hatimi."

Daga nan ya gaya mini gaskiya ba rufi. In aka kai wannan gaban alƙali, tambaya ta farko ita ce wa ya gyara, ta biyu me ya rufe. Ya ce zai iya cewa shi ne. Na ce shef ya san ba ya nan, rabin kasuwar Dungas ma sun gan shi. Ya ce to ba zai tilasta mini ba, in na ce a'a zai ƙona gwajin a gabana, kuma ba zai sake ta da maganar ba har abada.

Na fita kai wa Inna Kulu hotonta. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa yatsa a kan kunnen, sai ta ɗago ta dube ni. Ban san me ta gani a fuskata ba.

"'Yata, kin gan shi."

Ba tambaya ba ce. Na ce na gan shi.

"Da ransa?"

"Da ransa, Inna. Har ya gane ni."

"Suna ba shi abinci? Ba ya cin abu mai yaji, cikinsa ba ya so."

Na koma ciki na ce wa Baba Ila kada ya ƙona.

A gida innata ta yi kuka ta ce ba inda za ni. Babana ya gama alwala, sannan ya ce da ɗansa ne a siton nan, zai so 'yar wani ta yi magana, don haka ba shi da bakin hana tasa. Ya ce shi zai raka ni.

Dangin Malam Idi suka sami wata aboka, wato lauya, a Damagaram. Ita ta kai maganar gaban alƙali ta nemi a buɗe dosiyen. Aka ɗauki sati biyu ana ja, ana cewa sirrin tsaro ne. A sati biyun nan duk motar da ta rage gudu a ƙofar shago sai in tsinci kaina a bayan farin yadi. Ranar da aka kira ni muka shiga motar farko, ni da babana. A barandar ofishin na ga shef zaune a benci, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ya bi ni da ido har na shige.

Alƙalin dattijo ne, ba ya ɗaga murya. A gabansa ga tsohon hoton kati, ga gwajina, ga dosiyen a buɗe. Ya ce in nuna masa yadda ake juya kunne. Wannan na iya, sana'ata ce, na zana masa a takarda, ina yi muryata tana dawowa. Sannan ya ce, "Me ke ƙarƙashin wannan kunnen?" Na faɗa. Ido, leɓe, wuya, shatar igiya, kofin da ya kasa riƙewa. Magatakarda yana rubutawa, aka karanta mini, na sa hannu. Sa hannun bai yi kama da nawa ba.

Aka shigo da shef. Ya ce babur ne. Da alƙali ya tambaye shi me ya sa za a ɓoye faɗuwar babur, sai ya canja hanya, ya ce lokacin yaƙi ne, kuma an ba su iko daga sama, ya zaro takarda ya ajiye. Alƙali ya karanta ta tun daga sama har ƙasa.

"Na ga inda aka ce ku tsare," ya ce. "Nuna mini inda aka ba ku kunnensa."

Shef bai nuna ba. A ranar aka ba da umarni a fito da Malam Idi likita ya duba shi. Ya yi kwanaki a asibiti, maƙwabtansa suka zo suka shaida lambun da injin ban ruwan, daga baya aka sake shi. Kada ku ɗauka komai ya gyaru. Shef an ɗauke shi daga nan, ban ji an hukunta shi ba. Akwai wasu a siton da ba a kawo su shagonmu ba, ban san yadda suka ƙare ba. Yanzu siton a kulle yake, awaki ne ke kwana a inuwarsa, amma har yau ba na bin hanyar. Ba wanda ya zo gidanmu kusa da famfo. Innata ta yi sadakar waina.

Bayan girbi, ranar kasuwa, ina yanka hotunan 'yan makaranta sai na ji murya daga ƙofa.

"Ina bawan nan mai kama fuskar mutane?"

Baba Ila ya miƙe har kujerarsa ta faɗi. Maimakon ya rama, sai ya kama hannun Malam Idi ya riƙe. Malam Idi ya rame, yatsu biyu na hannun dama ba sa lanƙwasawa. Ya ce katinsa bai dawo ba, sabo zai yi. Wannan karon shi ya cire malafar da kansa ya ɗora a gwiwa. Kunnen hagu ya warke a naɗe, da gibi a samansa.

Na daidaita fitilu, na ce ya ɗago haɓa, na latsa sau ɗaya, ya fito. Da hoton ya hau ordinater ya taso ya tsaya a bayana, daidai inda shef ya tsaya, sai dai shi warin shanu yake yi. Muka kalli kunnen tare.

"Malam, in taɓa shi?"

"An ce kin taɓa yi mini biyu," ya ce. "Uwata ta ce ɗaya ta haifa. Bar shi yadda suka bar shi."

Na share masa gumin goshi kawai. Na fitar da gwaji, na wanke huɗu, na ɗauki almakashi. Baba Ila ya karɓa ya ɗaga su wajen haske ɗaya bayan ɗaya, yana duba gefen yankan, ya sa su a ambulan, bai mayar mini da ko ɗaya ba.